Ƙofa ta Uku

Litinin, da hantsi

Oga, shugaban ƙungiyarmu ta kiɗa, ya kira, wai yaya hannun Yaya. Na ce targaɗe ne, yana warwarewa. Ya ce targaɗen nan fa ya daɗe. Na ce haka wasu suke. Sai ya shigo da abin da ya kira dominsa: wasan babban otal ƙarshen wata ne, masu otal ɗin da kansu za su zauna su saurara, in sun yaba mun samu wurin wasa na shekara guda. In Yaya zai hau kibod, to. In ba zai iya ba a gaya masa da wuri, don yaron nan Mai Turare, shi ma mai kibod, kullum sai ya kawo gaisuwa.

Mai Turare. Wanda sai ka yi atishawa sannan ka gan shi. Yaya yana kan kujerar nan tun Oga na rera waƙa da makirfon aro, tun bai ajiye tumbi ba. Kujerar nan ce ke ciyar da gidanmu, har da ni mai wannan cika bakin.

Na ce zai hau. Bakina ne ya faɗa, ni ma a kunne na ji.

Talata, bayan azahar

Anti, matar Yaya, ta kwashe yaran ta kai su maƙwabta, muka rufe ƙofa, na haɗa masa kayan. Kibod ɗin Yaya bebe ne, ba shi da muryar kansa. Saƙo kawai yake aika wa kwamfutata, manhajar da ke ciki ita ke zama fiyano, ta zama goge, ta zama bes mai kaurin murya. Aikina ke nan a ƙungiya: haɗa waya, da zaɓa wa kowace waƙa sautinta. Ba wanda ya koya mini. Littafin manhajar na sauke na karanta da ƙamus a cinya, shafi-shafi, lokacin da waɗanda suka gama makaranta ke ce mini in je in nemi sana'a. Oga yakan ce Injiniya in yana son wani abu, in ba ya so kuma sai "kai, mai waya".

Hannun dama lafiya lau, kamar ruwa.

Na hagu ya ɗora shi. Ya dube shi. Na dubi bango. Yatsa biyu suka sauka tare a inda ɗaya ya kamata, sauran suka kwanta. Ya sake. Ya sake. Na ce bari in duba ko an kawo ruwa, na fita na tsaya a bakin famfon da na san ba komai a cikinsa.

Kalmar da likita ya faɗa na nemo ta na karanta har ƙarshe. Ba zan rubuta ta a nan ba.

Laraba, da safe

Umma ta kira. Targaɗe ne, Umma. Yana warwarewa.

Alhamis, la'asar

Na samo hanya, ko kuma na haukace, ɗaya daga ciki.

Manhajar tana bari a raba kibod gida biyu, kowane ɓangare da sautinsa. Da ma haka muke yi: hagu bes, dama fiyano. To yau na yanke ɓangaren hagu gaba ɗaya, ban ba shi sautin komai ba. Maɓallan suna sauka, suna tashi, ba sa cewa uffan. Ko da gwiwar hannu ya danna, shiru. Abin da hannun ya kamata ya buga kuwa ni zan jera shi a cikin kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya, daga tsofaffin wasanninmu da nake da su a waya. Shi nasa ya ɗora hannun ya motsa. Jama'a ai da ido suke saurare.

Akwatin sautina ƙofar fitar da sauti huɗu gare shi. Ta ɗaya da ta biyu su ke zuwa mikisa, na'urar haɗa sauti, daga nan lasifika, kowa ya ji. Ta uku da ta huɗu ba mai amfani da su. Ta uku zan ja zuwa kunnen Yaya, in saka masa ƙwas-ƙwas ɗin ƙidaya don ya tafi daidai da hannun da ke cikin kwamfuta.

Na yi masa bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Wato mutum-mutumi zan zama, Auta."

Na ce rabi ne kawai. Anti da ke bakin ƙofa ta ce Allah ya shiryi bakina. Shi bai yi dariya ba, amma bai ce a'a ba.

Asabar, da dare

Waƙa uku na gama jerawa. Na kunna masa ina jiran yabo. Ya ce wannan ba hannunsa ba ne, hannun akawu ne. Wai nasa ba ya zuwa a kan lokaci. Yana ɗan makara, kamar maigidan da ya san ba za a buɗe kwano ba sai ya zauna. Kuma ƙaramin yatsansa ya fi sauran nauyi, tun yana yaro.

Na koma na bi su ɗaya-ɗaya ina ja da su baya kaɗan, ina ƙara wa na ƙaramin yatsa ƙarfi. Wuni guda ina koya wa inji makara. Mutanen da suka ƙera shi sun ƙarar da rayuwarsu don kada ya makara, ni kuma ga ni ina warware musu aiki. Da na sake kunnawa ya rufe ido ya ce, "Shi ne."

Sai kuma ya ce in kashe. Ya juya ya fuskanci bango.

Lahadi, da safe

Ba a kunna komai ba.

Litinin, yamma

Jinkiri. Ya danna, sautin sai ya yi shawara sannan ya fito. Na rage wa manhajar lokacin da take ɗauka, sai ta fara ƙas-ƙas kamar ana suya. Na ƙara, jinkiri ya dawo. Kwamfutar nan ta tsufa, fankarta kamar ƙirjin mai asma. Na cire gogen nan mai daɗi na sa wani mara nauyi, na kashe amon da ke sa a ji fiyano kamar a babban zaure. Yanzu tana numfashi. Sautin ya koma na talaka, amma yana zuwa da an kira shi.

Dole kuma na gaya wa Dogo mai ganga. Ba yadda zan yi: in ganga ba ta bi ƙwas-ƙwas ba, hannun cikin kwamfuta zai yi gabas ƙungiya ta yi yamma. Na same shi yana cin abinci a bakin titi, na tanadi zagi ko zai yi gardama. Bai yi ba. Ya ajiye cokali ya ce tun ranar da ya je dubiya ya lura da hannu ɗaya Yaya ke ɓalle riga. Ya ce shi ya tsani ƙwas-ƙwas kamar kukan sauro, amma a ba shi ƙofa ta huɗu. Sannan ya ce, "Ka dai san Oga ba ya ajiye waƙa inda aka ce ta ƙare."

Na sani. In ya ga wani babba ya gyaɗa kai, sai ya yi ta maimaita baiti ɗaya har gobe.

Laraba, da hantsi

Maganin Oga: na yanyanka kowace waƙa gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa tana ta zagayawa har sai an taka feda ta wuce ta gaba. Na ajiye fedar a ƙafar Yaya ta hagu, don ta dama tana da nata aikin.

Ƙafar ma ta ƙi takawa. Na ɗauke fedar na dawo da ita gabana.  Ni zan taka daga gefen dandamali.

Akwai kuma wani abu. A waƙa ta huɗu ya tsaya a tsakiya ya tambaye ni me ke biye. Waƙar da shi ya tsara ta. Don haka na jona ƙaramin makirfo na tura shi ƙofa ta uku kaɗai, in riƙa yi masa magana a kunne: amshi na zuwa, goge yanzu, saura biyu. Dogo ba ya ji, mikisa ba ta ji. Daga ni sai shi.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Kwamfuta tana da batir, akwatin sauti ba shi da shi. Da wuta ta dawo sai na ji ƙwas-ƙwas a lasifikar ɗaki. Ashe in akwatin ya ɓace mata ko na ƙiftawar ido ne, shegiyar manhajar sai ta tattara komai ta mayar ƙofa ta ɗaya da ta biyu, ba sallama. Sai ka bi layi-layi ka mayar da kowa gidansa. Na sake karanta littafin daga farko ban ga inda ake kullewa ba. Wanda ya rubuta shi a garinsu ba a ɗauke wuta.

Alhamis, la'asar

Anti ta tare ni a tsakar gida tana shanya. Ta ce ƙarya nake gina masa mai bene, kuma shi zai faɗo daga sama, ba ni ba. Na ce to ta kawo nata maganin. Ta ce maganin shi ne a gaya wa Oga gaskiya, mutum ne, sun daɗe tare. Na ce mutuncin Oga iyakarsa bakin aljihunsa. Na ƙara da abin da bai kamata ba, game da wanda zai ciyar da 'ya'yanta in gaskiyar ta gama aikinta. Ta dube ni ta ce, "Bakin nan naka, Auta, wata rana sai ya cinye mutum."

Ta ci gaba da shanya rigarsa. Har yanzu ba ta kula ni.

Asabar, bayan gwaji, da yamma

Mun yi gwaji da kowa da kowa. Ya tafi. Wallahi ya tafi, ba tuntuɓe ko ɗaya. Ina taka feda, Dogo na bin ƙwas-ƙwas ya murtuke fuska, Yaya ya ɗora hannun yana ɗan kaɗa shi daga kafaɗa. Mai Turare ya zo gaisuwarsa ta kullum, ya tsaya a bayan ɗaki yana ƙamshi.

Oga na tsakiyar wani dogon jan murya na ce wa Yaya a kunne, ga akuya ta ga wuƙa. Kafaɗarsa ta girgiza. Rabon da in ga haka tun kafin safiyar da Anti ta ji faɗuwar buta a banɗaki. Sai na ci gaba, duk wanda ya motsa sai na ba shi nasa: Oga, Mai Turare, mai jita da takalminsa mai tsini. Ƙofa ta uku ta zama tamu.

Da aka tashi Oga ya dafa shi ya ce hannun nan ya warke har ya fi da, bes ɗin yau ko kuskure ɗaya babu. Yaya ya ce an gode.

 A gida bai ci abinci ba. Ko kuskure ɗaya babu. Na ji yana maimaita shi a ɗaki, shi kaɗai.

Litinin, da safe

Umma ta zo dubiya. Ya miƙa mata ruwa da dama, ya yi hira, ya yi dariya, hagun na cikin aljihu. A bakin ƙofa ta riƙe ni ta ce ita ta haife shi, in daina yi mata targaɗe. Na ce ta yi sauri kada mota ta wuce ta.

Laraba, da rana

Na kunna hannun ni kaɗai na saurara. Yana da daɗi. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Juma'a, da hantsi

Gobe ne, da la'asar. Na naɗe wayoyi, na jera waƙoƙin yadda Oga ya ce, kowace da sautinta, na gwada ƙofofin har na daina gane abin da nake ji. Na kira mai mikisar otal ɗin, wani mai magana ta hanci, na tambaye shi batun wuta. Ya ce janaretansu ba ya wasa, ko ƙiftawa ba ta yi. Anti ta goge wa Yaya farar riga. Ni kuma ta ajiye mini abinci ba magana.

Asabar, kafin mu fita, da azahar

Allah ka rufa asiri.

Lahadi, da azahar

Tun safe nake ɗaukar biro ina ajiyewa.

Waƙa huɗu sun tafi lafiya. Zaure cike, masu otal a teburin gaba. Oga ya ga ɗayansu na kaɗa ƙafa ya yi ta maimaita amshi, amma fedar na ƙafata, ba matsala. A ta biyar wuta ta ƙifta. Janaretan da ba ya wasa. Lasifika suka yi gum, suka dawo, ƙwas-ƙwas ya cika zauren kamar ana saran itace. Na faɗa kan kwamfuta. Ƙwas-ƙwas na Yaya, uku. Na Dogo, huɗu. Fiyano na nan, bes na nan. Kafin Oga ya gama ba jama'a haƙuri da barkwancinsa na gama, Dogo ya ƙirga, muka koma. Har na ji daɗin kaina. Na ce a raina, Injiniya.

Layi ɗaya ban duba ba. Yana can ƙasa, sai an ja shafin ake ganinsa.

Da na ɗaga kai na ga hannun ya zame daga kan maɓallai, yana lilo a gefen kujera, bes kuwa na ta tafiya. Shi bai ji ya zame ba. Na jawo makirfo. Babban abin kunne yana kaina, muryata nake ji kamar kullum, ban san ta yi tafiya ba. Zan rubuta yadda na faɗa, tun da kowa ma ya ji.

"Yaya, hagun ya faɗi, ɗora shi. Motsa yatsun ko na ƙarya ne, akuyar nan mai makirfo ba za ta taɓa ganewa ba."

Mai magana ta hanci ya iya aikinsa, ba zan ci hakkinsa ba. Muryata ta fita tas, har bangon baya.

Oga ya tsaya baki buɗe. Mai jita ya tsaya. Dogo ya ɗan ci gaba saboda Allah, sannan shi ma ya saki. Yaya ya ɗauke hannun dama daga kan fiyano, ya kai shi ya kamo na hagu a wuyan hannu, ya ɗago shi, ya ajiye a cinyarsa, ya ɗora na dama a kai. Kamar mai jiran a kira shi a asibiti.

Bes ɗin kuwa bai tsaya ba. Gunduwar na ta zagayawa tana jiran in taka. Zaure guda na kallon mutum da hannuwansa biyu a cinya, hannunsa na hagu kuma na ta kiɗa a lasifika, yana ɗan makara, ƙaramin yatsa ya fi sauran nauyi. Wani a baya ya yi dariya, wata ta ce ya yi shiru. Ni da na san manhajar nan kamar tafin hannuna, na rasa inda ake kashewa.

Mai Turare ne ya ƙarasa wasan. Da ma yana nan, kayansa na mota.

Litinin, da safe

Anti ba ta ce ai ta gaya mini ba. Da ta faɗa, da na samu wanda zan yi faɗa da shi.

Laraba, yamma

Oga ya aiko kirana, ni, ba Yaya ba. Na je da shirin a zage ni in rama. Sai ya ba ni kujera. Ya ce maganar akuya ya yafe, ƙuruciya ce. Ya ce da an gaya masa gaskiya da ya san yadda zai yi da Yaya. Yana faɗa yana kallon wayarsa. Ko da gaske yake ko ƙarya, yanzu ba mai iya sani, ni na toshe hanyar sanin. Masu otal sun ɗauke mu duk da haka, wai waƙoƙin farko sun ishe su. Kujerar kibod ta Mai Turare ce.

Sannan ya matso. Wai yaron hagunsa bai kai ba. In zan bar masa bes ɗin nan na cikin kwamfuta yadda yake, in ci gaba da taka feda, aikina na nan. "Hannun yayan nan naka ai ba a samun irinsa, Injiniya. Asara ne ya zauna a gida."

Na buɗe baki. Tun da aka haife ni, yau ne na buɗe shi ba abin da ya fito. Na ce zan yi shawara. Akwai yara a gidan nan, ba sa cin fushi su ƙoshi.

Alhamis, da hantsi

Dogo ya dawo mini da abin kunnensa. Ya zauna da Yaya suka yi hirar ƙwallo.

Juma'a, bayan la'asar

Na gaya masa abin da Oga ya ce. Na so ya zage ni, ko ya jefe ni da wani abu, na dama ma ya isa. Ya ce in karɓa. Ya ce gara hannun ya je aiki ko da mai shi bai je ba. Ban san ko wasa yake ba. Ina jin shi ma bai sani ba.

Sai ya ce in haɗa masa kayan. Na haɗa. Ya ce in cire na cikin kwamfutar, in mayar wa maɓallan hagu muryarsu. Na ce, Yaya. Ya ce in mayar. Na buɗe ɓangaren, na ba shi bes ɗinsa na da, na ja layin zuwa ƙofa ta uku, na miƙa masa abin kunne don ya ji shi kaɗai.

Ya ture shi. "Ɗaya da biyu, Auta. Ai an gama ɓoyo."

Anti na tsakar gida, yaran na nan, taga a buɗe. Na mayar. Ya kamo hannun ya ɗora. Yatsa biyu suka sauka tare, lasifika ta gaya wa unguwa. Ya sake. Ya sake.

Wannan karon ban je duba famfo ba. Na zauna a ƙasa kusa da fedar, ba abin takawa, ina ji. Yana can yana yi har yanzu.

Gobe da azahar akwai gwaji. Ni da hannunsa za mu je.